Wace Kalmar Turanci Ce ke Nufin a Yi wa Mutum Abu Daidai da Shi?

Malam, ka ce kana rubuta bayanin wani shirin koyarwa da Turanci, kana neman kalma ɗaya da za ta nuna cewa kowane ɗalibi ana tsara masa darasi gwargwadon buƙatarsa maimakon a yi wa kowa kuɗin goro, kuma da ka buɗe ƙamus sai ya jero maka kalmomi huɗu ko biyar a matsayin masu ma'ana ɗaya, har ka rasa wadda za ka ɗauka. Amsar a taƙaice ita ce, kalmar da ta fi yawo a bakin mutane a yau ita ce “personalize”, amma wadda ta fi aminci, wadda da wuya ka sa ta a jimla ka yi kuskure, ita ce “tailor”. Bayan waɗannan akwai “customize” da “individualize”, sannan akwai sifofi irin su “bespoke” da “made-to-measure” da “custom-made”. Sai dai ban yarda da ƙamusun da ya nuna maka kamar ana iya musanya su yadda aka ga dama ba, domin kowace a cikinsu tana ɗauke da wani alkawari ga mai karatu, kuma alkawuran ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da ya raba su shi ne wane ne ya yi gyaran, daga ina aka fara shi, kuma ina zurfinsa ya tsaya.

Zan fara da tailor, domin ita ce uwar maganar, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda daga gare ta muka ari kalmar “tela” muka ajiye ta kusa da tamu ta asali, wato maɗinki. Turanci shi ma arota ya yi daga tsohon Faransanci, inda tushenta yake nufin yanka, don haka a asalin kalmar tela mai yanka ne kafin ya zama mai ɗinki. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin duk wanda ya taɓa tsayawa kan tela yana aiki ya san cewa tun a wurin almakashi ake yin riga ko a ɓata ta, ɗinkin da ke biyo baya haɗa abin da aka riga aka yanke ne kawai. Da kalmar ta bar shagon ɗinki ta zama aikatau na gama-gari, sai ta tafi da wannan hoton: akwai yadi, akwai jikin da aka auna, akwai kuma gwani da ya rage nan ya ƙara can. Ana haɗa ta da 'yar kalmar “to”, a ce “lessons tailored to each student”, wato darussan da aka yanka wa kowane ɗalibi daidai da awonsa. Amincinta ya zo ne daga abubuwa biyu. Na farko, ba ta tilasta maka cewa mutum ɗaya tak aka yi wa aikin, domin ana iya cewa an yi tailoring ɗin jawabi ga manoma ko ga 'yan makaranta baki ɗaya. Na biyu, tana shiga rubutun hukuma da na kasuwa da na ilimi ba tare da ta yi nauyi ko ta yi arha ba.

Tunda sana'ar ɗinki ce ta haifi yawancin waɗannan kalmomi, a can ne bambancinsu ya fi fitowa fili, kuma ya kamata a ɗan tsaya a wurin. Turawan Ingila sun kasa tufafi mataki uku. A ƙasa akwai “ready-to-wear”, wadda a Birtaniya ake kuma ce wa “off-the-peg”, a Amurka “off-the-rack”, wato rigar da aka ɗinka tun ba a san wanda zai saye ta ba, aka rataye, ka zo ka nemi lambarka. A tsakiya akwai made-to-measure, inda ake auna ka, amma sai a ɗauko wani zanen yanka da ke ajiye tun da can, a sassauta ƙugu, a rage hannu, a ɗinka maka. A sama kuma akwai bespoke, inda ba a ɗauko komai daga ajiya. Mai yanka zai auna ka wurare da dama, ya lura da yadda kake tsayawa, ko kafaɗarka ɗaya ta fi ɗaya sauka, ya zana maka takardar yanka taka kai kaɗai da za a rubuta sunanka a kai a rataye. Sannan ka dawo gwaji a lokacin da kwat ɗin take haɗe da farin zare na wucin gadi, ba aljihu ba maɓalli, ya zagaya ka da alli a hannu yana yin alama a kafaɗa da baya, a warware ta gaba ɗaya a sake yanka, ka kuma dawowa gwaji na biyu da na uku. Kalmar kanta ta fito ne daga tsohon aikatau “bespeak”, wanda ke nufin yin magana a kan abu tun kafin a yi shi, kamar yadda mu ma muke cewa an riga an yi maganar abu, wato yana da mai shi.

Titin Savile Row da ke Landan shi ne cibiyar wannan sana'a, kuma telolinsa sun daɗe suna kishin kalmar, har ƙungiyarsu ta gindaya cewa sai an zuba aƙalla awa 50 na aikin hannu a kwat kafin a kira ta da wannan suna. A shekarar 2008 aka kai ƙara gaban hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya a kan wani kamfani da ke tallata kwat da sunan bespoke alhali da na'ura ake yanka su daga zanen da ke ajiye, hukumar kuwa ta yanke cewa tallar ba ta yaudari kowa ba, domin a ganinta yawancin masu saye abin da suke fahimta shi ne an yi tufar bisa awonsu, ba lallai da hannu ba. Ni dai ina ganin an yi asara a wannan hukunci, domin kalma ce da ke rarrabe aiki biyu mabambanta, aka bar ta ta zama ado. A yau za ka ji ana cewa bespoke a kan manhajar kwamfuta da shirin tafiya da kayan ɗaki. Idan za ka yi amfani da ita, ka sani cewa kalmar Birtaniya ce, tana da ƙamshin tsada da alfarma, kuma Ba'amurke a mafi yawan lokuta “custom” ko custom-made zai ce a wurin. Ga shirin koyarwa irin naka, ba na ba ka shawarar ta, sai fa idan da gaske kowane ɗalibi daga farko ake zana masa manhajar karatunsa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne tsakanin customize da personalize, kuma a nan tambayar wane ne ya yi gyaran ita ce ke raba gardama. Ɗauki wayar da ke hannunka. Idan ka shiga saiti ka canza hoton fuskar wayar, ka ƙara girman rubutu domin idonka, ka zaɓi ƙarar da za ta yi idan an kira ka, to kai ne ka yi customizing, domin kai ka san abin da kake so, kai ka kuma taɓa da yatsanka. Amma idan ka buɗe YouTube ko Facebook ka tarar an jero maka abubuwan da suka yi kama da waɗanda ka kalla jiya, alhali ba ka roƙa ba, to an yi maka personalizing ne, domin na'ura ce ta bi sawunka ta yi hasashen abin da za ka so. Masu tsara manhajoji suna riƙe da wannan bambanci sosai: a ɗaya iko yana hannun mai amfani, a ɗayan kuma yana hannun tsarin. Kamfanoni sun ɗauki na biyun da muhimmanci ƙwarai, har Netflix, kamfanin nuna fina-finai, ya sa gasar dala miliyan ɗaya a 2006 ga duk wanda zai inganta masa lissafin hasashen fina-finan da mai kallo zai so da kashi 10 cikin ɗari, aka kuma ba da kyautar a 2009.

Customize ta samo asali ne daga custom, wadda tushenta na Latin yake nufin al'ada ko sabo, kuma daga nan ne “customer” ta fito, wato wanda ya saba zuwa saye. Ta fi zama daram a kan kaya da na'urori, irin su mota da kwamfuta da manhaja, kuma kullum tana nuna cewa akwai wani samfuri na asali da aka yi wa canji. Henry Ford ya shahara da maganar cewa mai saye zai iya samun motarsa ƙirar Model T a kowane launi yake so muddin dai baƙi ne, wannan kuwa shi ne ainihin kishiyar customize. Daga baya, a 1987, wani marubuci kan harkar kasuwanci mai suna Stan Davis ya fito da lafazin “mass customization” domin siffanta masana'antar da ke ƙera kaya da yawa a kan layi ɗaya amma kowane mai saye ya zaɓi launi da girma da ƙarin da yake so. Abin lura a gare ka shi ne, kunnen Bature ba ya jin daɗin customize idan ana maganar kula da mutum, kamar jinya ko tarbiyya, domin tana sa a ji kamar kaya ake magana a kai.

Personalize kuwa ta fito daga person, wadda ke komawa ga kalmar Latin “persona”, abin rufe fuska da 'yan wasan kwaikwayo ke sawa a dandali. Kalma ce mai fuska uku, kuma dole ka san dukansu kafin ka sake ta a rubutu. Fuska ta farko ita ce mafi sauƙi, wato a rubuta sunan mutum a kan abu, kamar alƙalami ko kofi ko wasiƙa, ko da kuwa abin bai bambanta da na kowa ba ta kowace hanya. Ta biyu ita ce wadda kake nema, wato a daidaita abu da halin mutum da buƙatarsa. Ta uku kuma ba ta da daɗi, domin idan aka ce wani ya yi personalizing ɗin muhawara, ana nufin ya bar batun da ake tattaunawa ya koma kan mutumin, ya mai da abin na ƙashin kai. Matsalar da nake gani ita ce 'yan talla suna fakewa tsakanin ta farko da ta biyu, su aiko maka da saƙon da aka tura wa mutum dubu ɗari, an dai sa sunanka a sama, su kira shi personalized. Saboda haka mai karatu mai wayo ya fara ɗaukar kalmar da ɗan shakku, kuma idan ka yi amfani da ita, yana da kyau jimlar da ke biye ta faɗi takamaimai abin da ake daidaitawa.

Individualize ita ce ta malamai da likitoci, kuma ita ce mafi nauyi a cikinsu. Tushenta na Latin yana nufin abin da ba ya rabuwa, wato ɗaya tilo da ba za a ƙara kasa shi ba. Ba kasafai ake jin ta a hira ba, amma a takardun aiki tana da matsayi, har da na doka. A Amurka, tun dokar 1975 da ta ba yara masu naƙasa haƙƙin karatu a makarantun gwamnati, wadda aka sake wa suna a 1990, wajibi ne a rubuta wa kowane irin wannan yaro takardar da ake kira “Individualized Education Program”, inda malamai da iyaye ke zama su bayyana matakin da yake, da inda ake so ya kai, da taimakon da za a ba shi. Tunda a fagen ilimi kake rubutu, akwai wani rabe-raben da zai amfane ka, wanda ma'aikatar ilimi ta Amurka ta yi a tsarinta na fasahar koyarwa na 2010. A can an ce individualization shi ne a bar kowane ɗalibi ya tafi da saurinsa alhali burin karatun ɗaya ne, “differentiation” shi ne a sauya hanyar koyarwa gwargwadon yadda ɗalibai suka fi ganewa, personalization kuma ya haɗa waɗannan biyun, ya ƙara da cewa abin da ake koyo kansa yana iya bin sha'awar ɗalibin. Ba kowane marubuci ne ke bin wannan rabon ba, amma masu karanta bayanin shirinka, idan malamai ne, da yawansu da shi za su auna ka.

Likitoci ma sun yi wannan muhawara, kuma yadda suka warware ta ya burge ni. An daɗe ana cewa “personalized medicine”, sai a 2011 wani kwamitin majalisar bincike ta ƙasar Amurka ya nuna cewa lafazin yana iya sa mutane su zaci kowane majiyyaci ana ƙirƙira masa maganinsa shi kaɗai, alhali abin da ake yi shi ne a kasa marasa lafiya rukuni-rukuni bisa ƙwayoyin halittarsu da yanayin cutarsu, a ba kowane rukuni abin da ya fi karɓarsa. Suka fifita “precision medicine”, wato magani mai saiti daidai, kuma da wannan sunan Shugaba Obama ya ƙaddamar da shirinsa a 2015. Misali na kusa shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro da ake kira primaquine, wanda ke iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mutumin da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, shi ya sa ake son a gwada jini kafin a ɗora mutum a kan cikakken zagayen maganin. Ba a ƙera wa wannan mutumin sabon magani ba, an dai gano rukunin da yake ciki ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da za mu mai da shi harshen teloli, wannan made-to-measure ne, ba bespoke ba, kuma masanan sun yi gaskiya da suka ƙi ɗaukar kalmar da ta fi aikinsu girma.

Akwai wasu kalmomin da ƙamus zai iya haɗa maka da waɗannan, amma dangi ne na nesa. “Adapt” sauya abu ne domin sabon yanayi ko sabon amfani, ba lallai domin mutum ba. “Modify” canji ne kawai, ba ta faɗi dalili ba. “Fine-tune” ɗan gyaran ƙarshe ne ga abin da ya riga ya kusa daidai. “Localize” daidaitawa ce da wata ƙasa ko wani harshe. “Cater to” tana nufin biya wa mutane buƙata, amma sau da yawa tana ɗauke da zargin cewa ana bin son ransu ne fiye da kima, don haka ka yi hattara da ita. Wadda ta cancanci a ɗan tsaya a kanta ita ce “adjust”, saboda wani labari da ke bayyana dalilin da ya sa ake buƙatar duk waɗannan kalmomi tun farko. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙan jirgi 4,063, wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma, irin su tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya duba mutum nawa ne suka faɗa matsakaici a dukan goman. Bai sami ko ɗaya ba. Wato mazaunin matuƙi da aka ƙera domin matsakaicin mutum, a gaskiya ba a ƙera shi domin kowa ba. Ba a warware matsalar ta hanyar ƙera wa kowane matuƙi jirginsa ba, sai aka koma yin kujera da matakan ƙafa da ake iya matsarwa gaba da baya, abin da Turanci ke kira “adjustable”. Kishiyar duk wannan ita ce “one-size-fits-all”, wadda ta yi daidai da abin da muke kira kuɗin goro.

Game da rubutu, Amurkawa da “-ize” kawai suke rubuta aikatau irin su personalize da customize da individualize, a Birtaniya kuwa “-ise” ta fi yawa, ko da yake madaba'ar Jami'ar Oxford tana riƙe da “-ize”. Duk wadda ka ɗauka daidai ce, muddin ba ka gauraya su a takarda ɗaya ba.

Idan kuma wata rana aka ce ka mai da bayanin Hausa, ina roƙonka kada ka ɗora wa kalmar “keɓance” dukan wannan kaya, kamar yadda nake yawan gani a fassarar manhajoji. Keɓancewa a kunnen Bahaushe warewa ce, a fitar da abu gefe, kuma tana iya kai mai karatu ga tunanin sirri ko kaɗaici. Na taɓa duba wata takardar bayani ga marasa lafiya inda aka fassara “personalized care” da “keɓantacciyar kulawa”, kuma da na karanta wa wasu don in ji abin da suka fahimta, sai suka ɗauka ana nufin za a killace majiyyaci a ɗaki shi kaɗai, abin da zai iya sa mai jin tsoro ya fasa zuwa. Hausa ta fi son ta faɗi irin wannan ma'ana da aikatau da 'yar jimla, a ce kulawa daidai da buƙatar kowane majiyyaci, ko a ce an tsara wa kowa gwargwadon halinsa, ko kuma a wurin customize a ce saita yadda kake so. Tsawon da jimlar ta ƙara bai kai asarar da kalma ɗaya mai ruɗarwa za ta jawo ba.

Dangane da jimlar da kake son rubutawa, ka fara duba abin da shirin naku yake yi a zahiri. Idan malami ne ke gwada kowane ɗalibi, ya gano inda yake da rauni, ya gyara masa darasi, rubuta “lessons tailored to each student's needs”. Idan darasin ɗaya ne amma kowa yana tafiya da saurinsa, “individualized instruction” ko “self-paced” ya fi gaskiya. Idan manhaja ce ke lura da amsoshin ɗalibi tana zaɓo masa darasi na gaba, “personalized learning” ne sunansa a wurin masu wannan fanni. Idan kuwa ɗalibin ne da kansa yake zaɓar darussan da zai ɗauka da lokutan da zai zauna, sai ka ce “students can customize their study plan”.